Ranar da Manjo Ya Haɗiye Kaka

Kowane gari da abin da Allah ya ba shi. Wasu ya ba su gawayin ƙasa, wasu kogi, wasu hanyar jirgi. Mu a Tolliver Gap, nan cikin tsaunukan Kentucky, gawayin ya ƙare tun ina da gashi a ka, kogin bai kai gwiwar akuya ba, jirgin kuma ya daina tsayawa. Duk da haka ba mu da bakin kuka, domin an ba mu kunnen Mista Hobart Ledford.

Ba kunnuwansa biyu nake nufi ba. Na hagu irin na kowa ne, da shi yake sauraron matarsa Ozella. Na dama shi ne dukiyar gunduma. Idan aka kaɗa mandolin, 'yar molon nan tamu mai waya takwas, sai Hobart ya lumshe ido, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho. Can sai ya gaya maka shekarar da aka ƙera ta, da gefen dutsen da bishiyarta ta tsiro, gabas ko yamma, da ko masassaƙin ya karya kumallo a ranar. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Bishiyoyin dai an sare su, masassaƙan kuma sun daɗe a ƙasa.

Aikinsa na da sayar da duwatsun kabari ne. A can ya saba tsayawa a tsakiyar jama'a masu yawa yana bayani babu mai katse shi. Da ya bar aikin sai ya zo mana da halin. Mun sa masa suna Kunnen Gunduma. Da ya ji, ya ce sunan ya yi masa kaɗan, amma zai karɓa saboda tawali'u.

Kowace Asabar da hantsi makaɗan garin kan taru a shagon Arlie Stamper, mai sayar da dusa da iri. A zauna a kan buhuna a yi da'ira, mai goge, mai banjo, masu jita. Ni nake riƙe da babban goge a kusurwa, aikin da ake ba mutumin da ba ya son magana. Hobart ba ya zuwa sai kiɗa ya yi nisa, domin rana ma ba ta fitowa sai zakaru sun gaji. Yana shigowa zai sa a rufe ƙofa saboda iska. Zai ciro wani ɗan agogo na auna laima ya ɗaga sama, ya duba, ya girgiza kai don tausayin mu da muke shaƙar irin wannan iska. Sannan ya shimfiɗa ƙyalle a kan buhun dusa, ya kwantar da akwatin mandolin ɗinsa, ya ɓalle makullansa ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowanne ya gama ƙara.

Mandolin ɗin, gaskiya, tsohuwa ce, kuma kyakkyawa. An ƙera ta tun kafin a haifi uwayenmu. Fentinta ya goge a inda hannayen mutanen da suka rasu suka yi ta gogawa, kuma Hobart ya san tarihin kowane tabo. Akwai wanda ya ce harsashi ne ya yi shi. Ozella ta ce ƙofar mota ce, amma da kunnen hagu aka ji ta.

Daga nan sai a zo kan farce, wato ɗan abin da ake kaɗa waya da shi. Namu na roba ne, mukan tsince su a aljihun wanki. Nasa yana kwance a cikin akwatin zobe, a kan ƙyallen karammiski.

"Wannan ba farce ba ne, 'yan'uwa," in ji shi, yana zagaya da shi a gaban hancin kowa. "Wannan shaida ce. Kunkurun da ya ba da wannan ɓawo ya yi iyo a teku tun duniya tana da kunya. Yanzu hukuma ta hana, kuma na yarda da ita, domin 'yan zamani ba su cancanta ba. Ku kalla da ido. Verlon, ja numfashinka baya."

Verlon ni ne. Nakan ja.

In ya gama sai ya rufe akwatin zoben, ya laluba aljihu ya ciro na roba irin namu. Ba ya kiɗa da na kunkurun, kada ya cinye.

Game da kiɗansa ba zan ce komai ba. Yana da waƙa ɗaya da ya ƙware a kanta, da wata da yake kan hanya. Idan zagaye ya zo kansa mukan rage gudu mu bi shi a hankali, kamar yadda ake raka tsoho ya tsallaka titi.

To, amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Sarauniyar ita ce Kaka.

Duk wanda ya girma a nan ya san tsohuwar mandolin takan tara ƙura a cikinta. Zaren riga, gashin gemu, tokar taba, ɓurɓushin burodi, duk su faɗa ta ramin fuskarta su yi ta birgima shekara da shekaru, har su dunƙule su zama 'yar ƙwallo mai laushi, ruwan toka. Tsofaffi ba sa fitar da ita. Wasu sun ce tana tausasa murya. Wasu sun ce lalaci ne aka ɗinka wa riga. Ta Hobart ta kai ƙwan kurciya, kuma ita ya raɗa wa suna Kaka. Yakan haska ramin da 'yar tocila, a bi layi a leƙa, a gaishe ta.

"Abin da kuke gani," in ji shi, "ku kuna ce masa ƙura, domin iyakar iliminku tsintsiya. A cikin wannan akwai hayaƙin ɗakunan rawa da suka rushe. Akwai zaren rigar mahaƙa gawayi. Akwai numfashin mutanen da suka san kiɗa. Duk waƙar da aka taɓa kaɗawa a jikin katakon nan, Kaka ta ji, ta riƙe. Ni ba kiɗa nake yi ba. Tuna mata kawai nake yi."

Arlie ya ce a ganinsa ƙwaƙwalwarta ta fara rauni. Ba a ji shi ba, yana ɓangaren hagu.

Haka muke zaune lafiya har tsoho Burl Tackett ya rasu. Burl shi ne alƙalin gasar mandolin a taron makaɗa da muke yi kowace shekara lokacin da ganye ke ja. Ya daɗe a kan kujerar. Rabin zamaninsa ba ya ji, amma ba a lura ba, domin hukuncinsa bai canza ba. Kujerar alƙali kujera ce mai lilo, da matashi, ana ɗora ta a kan amalanken ciyawa a gaban dandali. Alƙali yana da jan ƙyalle a ƙirji, yana da farantin abinci na musamman, kuma jaridar gunduma takan buga hotonsa a shafin farko. A garin da jirgi ba ya tsayawa, babu sarautar da ta fi wannan.

Ranar jana'izar Burl an ga Hobart yana kuka da ido ɗaya. Kafin mako ya zagayo ya sayi farar hula.

Sai dai ana wata ga wata. Delmer Caudill mai kiwon zuma shi ma ya ce yana so. Delmer ɗan wata ɗariƙa ce. Su ba su yarda da ƙura ba. Abin da suke jefawa a cikin mandolin shi ne kacau-kacau ɗin wutsiyar macijin nan namu mai gargaɗi kafin ya sara. Girman kan Delmer bai gaza na Hobart ba, kalmominsa ne kawai suka fi gajarta. Garin ya rabu biyu, 'yan ƙura da 'yan maciji. Surukai suka daina aron tsani. A coci ma aka fara lura da wanda ke zama a wane gefe.

Zaɓen alƙali yana hannun kwamitin taro, kwamitin kuma yana hannun Malama Leota Combs, wadda ta koyar da rabin garin karatu, ta zane ɗaya rabin. Hobart da Delmer duk sun bi ta hannunta, ta ɓangare na biyu. Ta ce ranar Lahadin da ake cin abinci a filin coci kowannensu ya tashi ya faɗi dalilinsa a gaban jama'a, kwamiti kuma ya yanke shawara bayan mako biyu.

Ranar ta zo da rana mai daɗi. An jera tebura a ƙarƙashin bishiyoyi, kaza soyayya, wake, burodin masara, shayi mai ƙanƙara. Da aka ci aka ƙoshi, Delmer ya miƙe, ya ɗaga mandolin ɗinsa sama, ya girgiza. Kacau, kacau.

"Macijin nan ni na kashe shi da fartanya a bayan amya," in ji shi. "Yana korar gizo-gizo. Yana korar ɓera. Kakana ya ce har Shaiɗan yake kora. Kai ƙurarka me take kora, Hobart? Baƙi?"

Aka yi dariya har fasto ya ƙware da shayi. Delmer ya zauna.

Dariyar nan ita ta jawo komai. Hobart ya tashi fuskarsa ta yi ja kamar ganyen lokacin, ya ce yau zai yi abin da bai taɓa yi ba. Zai fito da Kaka rana ta gan ta. Ya karɓi hantsakin gira daga jakar Ozella, ya miƙa hannu teburi ya ɗauko wani farin ƙaramin faranti, ya share shi da gefen hannun riga. Ya zura hantsaki a ramin, harshe a waje, gumi a goshi, kamar likita mai fiɗa. Ya fito da ita a hankali ya ɗora a tsakiyar farantin. Jama'a suka matso kusa. Ta fi yadda muke zato ƙanƙanta, kuma akwai wani jan zare da ya leƙo ta gefe.

"'Yan'uwa maza da mata," in ji shi, ya ɗaga faranti sama da kansa. "Kowane mai fartanya yana iya samun maciji. Maciji a bayan kowace amya yake. Amma wa zai iya ƙera wannan? Ku tara attajiran ƙasar nan, ku tara masanan jami'a, ku ce su yi muku irinta kafin Kirsimeti. Ba za su iya ba. Wannan haƙuri ne. Wannan zamani ne ya zauna ya dunƙule kansa. Mutumin da ya rayu da wannan a ƙirjinsa, ya kwana da ita, ya tashi da ita, ku gaya mini, shi za a kawo wa wani mai ƙamshin hayaƙin zuma a ce su yi takara?"

Ya yi nisa sosai. Ya taɓo tsohon yaƙin basasar ƙasar nan, ya taɓo Annabi Dauda da garayarsa. Can wata tsohuwa, Goggo Nolie, da ke zaune a 'yar gajeriyar kujera ta ce, "Hobart, ɗana, sauko da abin nan ƙasa mu gani mana. Wuyana ba ya ɗaguwa."

Hobart mutum ne mai ladabi ga tsofaffi, musamman masu 'ya a cikin kwamiti. Ya rusuna, ya sauko da faranti har ƙasa da gwiwa, yana ci gaba da jawabi, idonsa yana kan jama'a.

A nan ya kamata in gabatar da Manjo. Manjo karen Arlie ne, tsohon karen farauta da ya ajiye aiki, mai kunnuwa har ƙasa da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. A cin abincin coci akwai doka. Duk farantin da ya sauko ƙasa da gwiwa na Manjo ne. Ba a rubuta ta ba, amma kowa ya san ta, Manjo ya fi kowa. Farantin nan kuma, kafin ya zama gadon sarauta, man shanu aka zuba a cikinsa, kuma hannun riga ba ya kai harshe iya shara.

Lasa ɗaya ya yi.

Na ga mutane sun yi shiru a bakin kabari, amma ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Manjo ya haɗiye, ya yi atishawa, ya lashe hanci, ya ɗaga kai yana jiran ƙari. Hobart ya dubi faranti. Ya juya shi ya dubi bayansa.

"Arlie," in ji shi da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba. "Karenka ya ci Kaka."

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa," in ji Arlie. "Ya taɓa haɗiye mini safa, ta kuma dawo. Sai dai ban sake sa ta ba."

A nan take Hobart ya nemi aron kare. Arlie ya ba shi da igiya da kwano. Aka buɗe wa Manjo ƙofar gaba ta mota, aka ɗaura masa bel. Ozella ta tsaya da kwanon wake a hannu.

"Hobart Ledford, tun kafin gashinka ya zube nake zama a kujerar nan."

"Yi haƙuri, Ozella. Baya akwai girgiza. Ba kare na ɗauka ba, tarihi na ɗauka."

Ta shiga baya. Waɗanda suka ga fuskarta ta taga sun ce gara macijin Delmer, shi yana gargaɗi.

Daga washegari garin ya sami sabon abin kallo. Da sassafe za ka ga Manjo a gaba yana shinshina gindin shinge, Kunnen Gunduma a baya da farar hula, hantsaki a hannun dama, faranti a hagu. Inda Manjo ya tsaya, nan Hobart zai tsaya. Inda Manjo ya tsuguna, nan Hobart zai cire hula. Abin da ke biyo baya ba zan faɗa ba, na dai ce mutumin ya nuna haƙurin da ba mu san shi da shi ba, kuma ya sayi sabon tabarau.

Mutanenmu masu tarbiyya ne, ba wanda ya yi dariya a gabansa. Sai dai a rage gudun mota, a sauke gilashi.

"Ɗan'uwa Hobart, an sami labarin tsohuwa?"

"Ana sa rai."

"To, Allah ya sauke ta lafiya."

Wani ya ba shi shawarar man gelo. Hobart ya ce ba za a kori Kaka da gaggawa kamar mai bin haya ba, a bar ta ta fito da mutuncinta. Yana dafa wa Manjo ƙirjin kaza, shi da Ozella suna cin wuya. Ya hana shi bin zomo, ya hana shi kwanciya a rana saboda zafi, ya hana shi kwanciya a inuwa saboda laima, yana bin sa da ɗan agogonsa. Ya kai shi wurin likitan dabbobi. Likita ya taɓa cikin kare ya ce abin nan ya narke tun ranar Litinin. Hobart ya ce ba ya jin haushinsa, mutum ne da ya yi karatu amma ba shi da kunne.

Ranar Asabar ya zo shagon Arlie da akwati a hannu ɗaya, igiya a ɗaya. Bai auna iska ba. Ya fito da mandolin, ya kaɗa waya ɗaya, ya bar ta ta mutu.

"Kun ji?" in ji shi. "Fanko. Gida ne da aka fitar da gawa."

Mun saurara da kyau. Ni dai kunnena na talaka ne, abin da na ji bara shi na ji. Muka roƙe shi ya daure ya yi mana waƙarsa, ko zuciya ta yi sanyi. Ya fara, muka raka shi. Da ya hau saman waƙar, wurin da yatsunsa kan yi gardama da juna, sai Manjo ya ɗaga hanci sama daga ƙarƙashin kujera ya saki kuka mai tsawo. Wannan ba sabon abu ba ne. Shekara da shekaru a daidai wurin nan Manjo yake kuka, kuma shekara da shekaru Hobart yana cewa a fitar da dabbar nan waje.

Amma ranar sai Hobart ya daskare. Ido ya lumshe. Kai ya karkata.

"Ku tsaya. Kowa ya tsaya. Muryar nan na san ta." Ya durƙusa a gaban kare, hawaye a ido. "Ku ji zurfin. Ku ji yadda ƙarshen yake lanƙwasa kamar hayaƙi. Da can haushi yake yi irin na karnuka. Wannan kuwa katako ne, tsohon katako, gefen gabas. Ita ce. Kaka ce take waƙa."

Arlie ya buɗe baki. Na taka masa ƙafa. Ba kowace rana Allah yake aiko da irin wannan ba.

Da mako biyun suka cika, kwamiti ya zauna ranar Talata da la'asar a tsohon ajin Malama Leota, kowa ya matse a kujerar yara. Delmer ya yi magana a taƙaice. Ya ce mutum ya tsaya a gaban coci ya ce darajarsa ƙura ce, ƙurar kuma ta bi ta inda kowa ya sani, saboda haka shi bai ga abin da ya rage a tattauna ba.

Hobart ya miƙe, Manjo yana kwance a kan takalminsa.

"Malama, 'yan kwamiti, jahili ne kaɗai zai ce Kaka ta ɓata. Kaka ta sauya gida ne. Da tana cikin katako, yanzu tana cikin jini da tsoka. Likita ya ce ta narke. Madalla! Gishiri ma sai ya narke yake aiki. Ina gaya muku, duk abin da ke ɗauke da ita yana ɗauke da kiɗan shekara ɗari. Ya san waya mai tsami tun kafin a taɓa ta. Ya san makaɗin ƙarya daga takunsa. A duk faɗin gundumar nan babu mai sanin murya kamarsa, na rantse da kunnena na dama. To, wa yake ciyar da shi? Wa yake kwana da shi? A hannun wa igiyar take?"

Ya ɗaga igiyar sama. Wasu har sun fara tafi.

Malama Leota ta zare tabarau ta goge. Duk wanda ya zauna a ajinta ya san abin da wannan ke nufi, na ga manyan mutane masu jikoki suna gyara zama.

"Hobart, so nake in fahimta, ka san na tsufa. Ka ce babu wanda ya kai mai ɗauke da ita sanin murya?"

"Babu, Malama."

"Har Delmer?"

"Delmer ma a cikin lissafi yake?"

"Har kai?"

Hobart ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ya fi kare, to Kaka ba komai ba ce, kuma shi ya sha bin bayan kare da faranti a banza. In ya ce bai fi ba, to, ga kujera ga mai ita. Ya dubi rufi. Ya dubi Manjo. Manjo ya yi hamma.

"A halin da ake ciki," in ji Hobart, "ya ɗan fi ni."

"To, mu ba ma wasa da gasar nan," in ji Malama. "Wanda ya fi kowa shi za a ba. Wa ya goyi baya?"

Hannun Delmer ne ya fara tashi, har yana kaɗa kujera. Ya ce ya gwammace kare ya kayar da shi sau goma. 'Yan maciji suka bi shi. 'Yan ƙura kuma ba su da hanyar ƙi, domin shugabansu ne ya kawo hujja. Tun da aka kafa garin ba a taɓa samun zaɓen da baki ya zo ɗaya kamar wannan ba. Tsofaffi sun ce baki shi ke yanka wuya. Ban taɓa ganin wanda ya wasa wuƙar da kansa, ya kuma yi mata jawabi ba.

Hobart ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai wani matsayi da ya rage. Malama ta ce alƙali yana bukatar mai riƙe masa igiya. Kafin ya kai ƙofa ya riga ya gyara wa muƙamin suna. Ya gaya wa Ozella an naɗa shi Babban Mashawarcin Alƙali. Ta ce ta taya shi murna, ta kuma tambaya ko mashawarci ne zai wanke kujerar mota.

Ranar gasa ganye ya yi ja, jama'a sun zo har daga gundumomin maƙwabta. Aka ɗora Manjo a kan kujera mai lilo, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Lilon bai yi masa daɗi ba, sai aka kifa bokiti a gefe, Babban Mashawarci ya zauna a kai da farar hularsa, ya tokare kujerar da ƙafa. Farantin alƙali ya zo, alƙali ya cinye, mashawarci ya riƙe masa.

Makaɗa suka yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya. Manjo ya kaɗa wa wani wutsiya, ya yi wa wani kuka, da yawa kuma ya yi musu barci. Bayan kowane makaɗi Hobart zai sunkuya ya kai kunnensa na dama bakin alƙali don karɓar hukunci, alƙali kuma ya lashe dukiyar gunduma tun daga tushe har sama. Sai Hobart ya miƙe, ya goge, ya gyara murya.

"Ni da Alƙali mun duba lamarin. Yatsu suna da sauri, amma katakon bai san wahala ba."

Malama Leota tana gefe da fensir tana rubuta abin da take rubutawa. Da yamma aka ba wata yarinya daga hayin kogi kyauta ta farko, kuma a karon farko a tarihin taron ba a yi faɗa a wurin ajiye motoci ba. Mutane suka ce alƙalin bana ba shi da ɗan'uwa a cikin 'yan takara. A Tolliver Gap wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jaridar gunduma ta fito ranar Alhamis. Ga alƙali a shafin farko, ya cika hoton, kunnuwa har kan matashi, jan ƙyalle a wuya, yana kallon nesa kamar mai tunanin makomar ƙasa. A can gefen dama, daf da inda aka yanke hoton, akwai hannu riƙe da igiya. Hannun kaɗai, daga wuyansa zuwa yatsu.

Hobart ya sa an yi wa hoton firam. Yana rataye a falonsa, sama da murhu, kuma duk baƙon da ya shiga sai an kai shi gabansa.

"Ka bar kallon tsakiya," yakan ce. "Tsakiya ta jama'a ce. Dubi nan. Dubi riƙon. Bai matse ba, bai saki ba. Mutum ba ya koyon wannan a makaranta."

Ni ma ya kai ni na gani. Na daɗe a tsaye, na sa tabarau, na matsa kusa. Gaskiya hannun ya fito da kyau.